Shirun yaro a gaban allo: natsuwa ce ko kamun hankali?

Tambayar da iyaye da yawa ke yi a yanzu ita ce, idan har ba makawa sai ƙaramin yaro ya kalli wani abu a talabijin ko a waya, wane iri ya kamata a kunna masa, kuma shin da gaske ne katun masu saurin motsi da ƙarar kiɗa suna ɓata wa yara ƙwaƙwalwa? Maganar ta fi ƙarfi ne a tsakanin iyaye a Amurka da Ingila, inda a 'yan shekarun nan aka cika Instagram da TikTok da jerin sunayen shirye-shiryen da ake kira masu sanyi, tare da gargaɗi mai zafi a kan wasu, musamman CoComelon, katun ɗin waƙoƙin ƙananan yara. Ta iso mana ta hanyar da shirye-shiryen kansu suka biyo, wato wayar hannu, domin waƙar da ɗan shekara biyu yake kallo a Landan ita ce takwaransa yake kallo a Kano ko Maraɗi, a wayar mahaifiyarsa, lokacin da take tuƙa tuwo. Sai dai maganar ta cuɗe a hanya. An gauraya abin da bincike ya nuna da abin da tsoro ya ƙara, har wasu suna cewa katun tamkar ƙwaya ce ga yaro, wasu kuma suna cewa duk surutun banza ne. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma uwar da ke tsakiya ita ce ta fi kowa buƙatar a warware mata zaren.

Me ake nufi da shiri mai sanyi?

Da farko dai wannan ba kalmar likitoci ba ce, kuma babu wata hukuma da ke buga hatimi a kan shiri ta ce wannan mai sanyi ne. Iyaye ne suka ƙirƙiro sunan domin su bayyana abin da suke gani da idanunsu. Idan suka ce shiri yana da sanyi, suna nufin hoto yana daɗewa a allo kafin a yanke shi a kawo wani, launuka ba sa ƙyalli kamar fitilun biki, ana magana da murya irin ta mutane a cikin gida, kiɗa yana lafawa har a ji shiru a wasu wurare, kuma labarin guda ɗaya ne wanda yaro zai iya bi daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Shiri mai zafi shi ne akasin haka, wanda a cikinsa komai yake motsi a lokaci guda, kyamara tana matsowa tana ja da baya, kuma kafin ido ya gama fahimtar hoto ɗaya an riga an kawo na gaba.

Dalilin da ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci yana cikin halittar ɗan Adam. Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya bayyana wata ɗabi'a da ya kira ɗabi'ar «mene ne wannan?», wato yadda mutum ko dabba ke juya kai ba da niyya ba a duk lokacin da wani sabon sauti ko motsi ya faru kusa da shi. Wannan baiwa ce ta kariya, ita ce ke sa mutum ya waiwaya idan ciyawa ta motsa a gefen hanya. Duk lokacin da aka yanke hoto a allo, ko aka saki wata ƙara ba zato, wannan ɗabi'a ce ake taɓawa. Babban mutum yana iya ƙin amsa kiran idan ya ga dama, amma yaron da bai daɗe da fara tatata ba bai riga ya mallaki linzamin hankalinsa ba, saboda sashen gaba na ƙwaƙwalwa da ke wannan aiki yana cikin waɗanda suka fi jinkirin nuna. Saboda haka ana iya riƙe idon yaro na tsawon lokaci ba tare da ya fahimci abin da yake kallo ba.

Na ga wannan a kusa a wurin ɗan ƙanwata, lokacin yana da shekara biyu da rabi. Idan aka ba shi waya da waƙoƙin nan masu walƙiya, yakan zauna kamar an dasa shi, baki a sake, ƙosai a hannu ya manta da shi har ya huce, kuma sai an kira sunansa sau uku kafin ya ɗago. Da an karɓe wayar sai birgima a ƙasa. Wata rana kuma aka kunna masa wani ɗan gajeren bidiyo na mutum yana ba awaki dusa, babu kiɗa sai kukan awakin da muryar mai su. Bai zauna shiru ba ko kaɗan. Ya riƙa nuna allo da yatsa yana cewa «akuya», yana juyowa ya kalli fuskar uwarsa ya ga ko ita ma ta gani, daga baya ya sauka ya ɗauko murfin kwano ya ce zai ba tasa akuyar abinci. Wanda ya leƙo daga bakin ƙofa zai ce a kallon farko ne yaron ya natsu. Ni a ganina a na biyun ne hankalinsa yake hannunsa, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai zaɓa wa yaro shiri ya fara ganewa, cewa shirun yaro a gaban allo ba shi ne ma'aunin sanyin shiri ba.

Binciken minti 9 da ya tayar da ƙura

Yawancin masu gargaɗi a kan katun masu sauri suna dogara ne, ko sun sani ko ba su sani ba, da wani bincike da Angeline Lillard da Jennifer Peterson na Jami'ar Bajiniya a Amurka suka wallafa a 2011. Sun ɗauki yara 60 'yan shekara 4 suka raba su gida uku. Kashi na farko ya kalli katun ɗin SpongeBob na tsawon minti 9, inda wurin da labarin ke gudana yake sauyawa kusan kowane sakan 11. Kashi na biyu ya kalli Caillou, labarin wani yaro da iyalinsa, inda sauyin yake zuwa kusan kowane sakan 34. Kashi na uku aka ba shi takarda da alƙaluman launi ya yi zane. Nan take bayan haka aka gwada yaran da ayyukan da ke buƙatar kamun kai da riƙe abu a ka, kamar maimaita lambobi daga ƙarshe zuwa farko, da wasan da ake ce wa yaro ya taɓa kansa amma ƙa'idar ita ce ya taɓa yatsun ƙafa, da kuma jiran ɗan lokaci kafin a ci abin daɗin da aka ajiye a gabansu. Yaran da suka kalli SpongeBob sun fi sauran gazawa a fili.

Labarin ya bazu a jaridun duniya, kuma a nan ne aka fara ƙara masa gishiri. Binciken ya auna abin da ya faru ne cikin mintocin da suka biyo bayan kallo, bai auna abin da zai faru bayan wata ko shekara ba. Yaran ba su da yawa, kuma galibinsu 'ya'yan masu hali ne. Kamfanin Nickelodeon, mai shirin SpongeBob, ya mayar da martani cewa an yi shirin ne domin 'yan shekara 6 zuwa 11, kuma wannan magana tana da nauyi, ko da yake a gidaje da yawa abin da yaya ya kunna shi ƙane yake kallo.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa Lillard da abokan aikinta sun koma sun sake gwaji, suka wallafa sakamakon a 2015. A wannan karon sun raba abubuwa biyu da suka cakuɗe a binciken farko, wato saurin sauyin hoto da kuma yawan abubuwan da ba sa yiwuwa a zahiri, kamar abu ya ɓace bat, ko jiki ya miƙe kamar roba, ko mutum ya tashi sama babu fiffike. Abin da suka gano shi ne waɗannan abubuwan almara ne suka fi gajiyar da hankalin yaran, ko shirin mai sauri ne ko mai tafiya a hankali. Bayanin da suka bayar shi ne ƙaramin yaro yana kan koyon yadda duniya take aiki, cewa abin da aka saki yana faɗuwa ƙasa kuma abin da aka rufe da kwano yana nan a ƙarƙashinsa, don haka idan aka yi ta jefo masa abubuwan da suka saɓa wa wannan a jere, ƙwaƙwalwarsa tana wahalar neman inda za ta ajiye su. Binciken da wasu suka yi bayan nan bai zo da amsa iri ɗaya ba, amma wannan sakamakon ya isa ya nuna cewa ƙirga sakan kaɗai ba ya warware matsalar.

Mai karatu zai iya cewa ai tatsuniyoyinmu cike suke da almara, Gizo yana magana, Ƙoƙi tana girki, dodo yana haɗiye gari, kuma ba mu ji an ce sun rikita wa kowa hankali ba. Amsar da nake gani ita ce, mai tatsuniya tana kallon fuskar yaran da take yi wa. Tana jira su ce «ta zo mu ji ta» kafin ta fara, tana sassautawa idan ta ga tsoro ya yi yawa, tana maimaita waƙar cikin labarin har su kama, kuma yaron ne da kansa yake zana dodon a zuciyarsa daidai girman da zai iya ɗauka. Allo ba ya ganin fuskar kowa, kuma ba ya jira.

Shin yana jawo raunin hankali na dindindin?

A nan ne tsoro ya fi yawa, hujja kuma ta fi ƙaranci. A 2004 likitan yara Dimitri Christakis na birnin Siyatil a Amurka ya wallafa wani nazari da ya danganta yawan kallon talabijin a shekara 1 da shekara 3 da matsalar rashin tattara hankali a shekara 7. An yi ta ambaton wannan nazari shekara da shekaru, amma masu bincike da suka sake duba alƙaluman nasa, a 2010 da kuma 2021, sun nuna cewa dangantakar tana raunana ko ta ɓace idan aka sauya hanyar lissafi ko aka yi la'akari da halin gidan da yaron ya tashi. Akwai kuma matsalar gane wanne ne ya haifi wanne, domin yaro mai ƙiriniya da wuyar lallashi shi ne iyaye suka fi miƙa wa waya don su samu sararin numfashi, ta yadda yawan kallon zai iya zama sakamakon halinsa kamar yadda zai iya zama sanadinsa.

Haka nan maganar da ake yaɗawa cewa waya tana jawo otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, tana buƙatar taka-tsantsan sosai. Otizim lalura ce da gado yake da babban hannu a cikinta, kuma a littattafan da likitoci ke amfani da su wajen tantance cututtuka babu wani nau'insa da ake jingina wa kallon allo. Illar wannan jita-jita ita ce tana sa uwa ta ɗora wa kanta laifin da ba nata ba, ko kuma ta ɗauke waya ta zauna jiran sauƙi alhali yaron yana buƙatar a duba shi. Yaron da ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ba ya nuna abu da yatsa, ko ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, asibiti ya kamata a kai shi a duba jinsa da girmansa, ko yana kallon katun ko ba ya kallo.

Akwai hatsari guda da aka tabbatar, amma na daban ne. A watan Disamba na 1997 an kai yara kusan 700 asibiti a Japan bayan wani kashi na shirin Pokémon ya nuna walƙiyar ja da shuɗi mai saurin gaske, wadda ta tayar wa wasunsu da farfaɗiya. Tun daga lokacin gidajen talabijin a ƙasashe da dama suka kafa ƙa'idoji a kan walƙiyar haske, sai dai bidiyon da kowa ke ɗorawa a intanet ba lallai ne ya bi ta wannan tankaɗe ba.

Yadda ake ƙera shirin da yaro ba zai kau da kai ba

Saurin da ake gani a wasu shirye-shirye ba haɗari ba ne, aiki ne da aka yi da gangan. A 2022 jaridar New York Times ta ba da rahoton yadda kamfanin Moonbug na Landan, wanda ya sayi CoComelon a 2020, yake gwada shirye-shiryensa. Ana zaunar da yaro gaban shirin, a ajiye wani ƙaramin allo a gefe yana nuna abubuwan yau da kullum marasa armashi, kamar mutum yana zuba gahawa a kofi, sannan a rubuta daidai lokacin da yaron ya kau da kai daga shirin ya kalli ƙaramin allon, domin a san inda za a gyara. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin masu shirin yara na Amurka mai suna Sesame Street, wanda ya fara a 1969, sun yi amfani da irinta tun farko. Bambancin yana cikin abin da ake nema. Masu Sesame Street suna kuma gwada yaran su ga ko sun koyi harafi ko lamba, shi kuwa shirin da kuɗinsa ke fitowa daga yawan mintocin kallo a YouTube ribarsa tana ƙaruwa ne muddin ido bai bar allo ba. Wannan ba ya nufin masu yin sa mugaye ne, amma ya kamata uwa ta san cewa bukatarsu da tata ba lallai su zo ɗaya ba.

A ɗaya gefen akwai Fred Rogers, wanda ya gabatar da shirinsa na yara daga garin Pittsburgh na Amurka tun 1968 har zuwa 2001. Yakan shigo ya cire kwat ɗinsa ya sa rigar sanyi, ya canja takalmi yana ɗaure igiyar a gaban kyamara ba tare da an yanke hoton ba, ya ba kifi abinci, ya yi magana a hankali kamar yaro guda ne a gabansa. Shirin Blue's Clues, da ya fara a 1996, ya ɗauki wata dabarar mai kama da wannan, inda mai gabatarwa yake yin tambaya sannan ya yi shiru na ɗan lokaci domin yaron da ke gida ya amsa, kuma gidan talabijin da ke nuna shi yana maimaita kashi ɗaya kwana biyar a jere. Bincike ya nuna fahimtar yaran tana ƙaruwa da maimaicin, abin da duk malamin makarantar allo ya riga ya sani. Saboda haka idan yaro ya nace sai an sake kunna masa abin da ya gani jiya da shekaranjiya, babu abin damuwa a ciki, hasali ma ya fi masa alheri a kan sabon abu kullum.

Abin da shiri mai sanyi ba zai iya yi ba

Haɗarin wannan sabon yayi shi ne iyaye su ɗauka cewa da zarar an samu shiri mai sanyi an gama, ana iya barin yaro da shi wuni guda. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ba ta bambanta mai sanyi da mai zafi ba. Ta ce kada a zaunar da jariri da ɗan shekara 1 gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana, kuma ƙasa da haka ya fi. Ta haɗa wannan da buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, da barcin awa 11 zuwa 14 ga 'yan shekara 1 da 2. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a shawararta ta 2016, ta ware kiran bidiyo daga hanin da ta yi wa 'yan ƙasa da wata 18, wato hira da baba da ke ci-rani ko kaka da ke wani gari ba ta cikin lissafin, saboda a can akwai mutum mai amsawa.

Wannan keɓewa tana da tushe. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata 9, waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu, hira da wasa da harshen Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna da su ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci, waɗanda kuma aka nuna wa irin wannan hira a talabijin ba su koyi komai ba. A 2010 wata mai bincike, Judy DeLoache, ta gwada wani bidiyo da ake sayarwa da sunan koya wa jarirai kalmomi, ta samu cewa bayan wata guda yaran da suka kalle shi ba su fi waɗanda ba su kalla ba, kuma waɗanda suka fi koyo su ne waɗanda iyayensu suka koya musu kalmomin da baki a cikin harkokin gida. Shekara guda kafin nan kamfanin Disney ya riga ya yi tayin mayar wa iyaye kuɗin da suka kashe wajen sayen faifan Baby Einstein, wani bidiyon jarirai irin wannan.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin iyaye da yawa a birane suna barin yara da waƙoƙin Turanci da fatan su tashi da harshen tun suna ƙanana. Yaron yakan haddace waƙar haruffa da ƙirga zuwa goma, a yi ta murna, amma haddar waƙa daban take da iya neman ruwa idan ƙishi ya kama shi ko faɗin inda yake masa ciwo. Wannan yana samuwa ne daga mai amsa masa magana, da kowane harshe aka yi. Idan kuma za a kalla, shirin da ke harshen da yaro yake ji a gida ya fi masa sauƙin bi, kuma akwai irinsu, misali Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, wanda aka juya zuwa harsunan Afirka da dama har da Hausa.

Akwai kuma allon da ba domin yaro aka kunna ba, wanda kusan ba a sa shi a lissafi. A gidaje da yawa talabijin tana kunne a falo muddin akwai wuta, fassarar Indiya ko labarai ko ƙwallo, yaro yana wasa a ƙasa. Daniel Anderson da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts sun nuna a 2008 cewa idan shirin manya yana gudana a ɗaki, wasan 'yan shekara 1 zuwa 3 yana gutsurewa, domin kowace ƙara tana sa su ɗago su bar abin da suke yi, kuma wani binciken nasu ya nuna iyaye ma suna rage yi wa yaran magana. Gidan da ya tace katun da kyau amma ya bar talabijin tana ruri daga safe zuwa dare ya toshe ƙaramar kafa ne ya bar babba.

Uwar da ke da hannu biyu kacal

Masu cewa a hana allo kwata-kwata suna da hujja, kuma ƙasar Faransa ta bi wannan hanya tun 2008, lokacin da hukumar kula da gidajen talabijin ta hana tashoshin ƙasar watsa shirye-shiryen da aka yi musamman domin 'yan ƙasa da shekara 3. Amma masu sukar wannan ra'ayi su ma suna faɗin gaskiya idan suka ce nauyin yana faɗawa ne a kan uwa ita kaɗai. A babban gida na gargajiya yaro yana da kaka da gwaggo da yayye da 'yar raino, ana karɓarsa daga hannu zuwa hannu. Matar da ke zaune a ɗaki biyu na haya, miji ya fita tun asuba, ga goyo a baya ga tukunya a wuta ga mai tatata yana nufar murhu, idan ta ba shi waya na minti 20 domin ta sauke girki lafiya, ta yi abin da hankali ya yarda da shi, kuma ba ta cancanci a yi mata gori ba.

Inda na ga ya kamata a yi hattara shi ne mayar da waya maganin kuka. Wani bincike da Jenny Radesky ta Jami'ar Michigan ta jagoranta a kan yara 'yan shekara 3 zuwa 5 ya samu cewa yawan miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru idan ransa ya ɓaci yana tafiya tare da ƙaruwar saurin fushi da wuyar saukowa bayan 'yan watanni, musamman a wurin yara maza. Yaro yana koyon haƙuri ne ta hanyar jin ɓacin rai a jikin wani babba da ke rarrashinsa har abin ya wuce, kuma idan aka yanke wannan da waƙa kowane lokaci, darasin ba ya samun wurin zama. Haka batun ba da abinci yaro yana kallo, wanda yake sa cokali ya shiga baki ba gardama, amma yaron ba ya lura da ƙoshinsa.

Yadda za a gane a gida

Ba sai an haddace jerin sunayen da ake yawo da su ba, tunda ma yawancinsu shirye-shiryen Turai ne da ba kowa ke samu ba. Uwa ko uba na iya kallon minti biyu na shirin kafin yaro ya gani. A rage sauti gaba ɗaya a ƙirga sau nawa hoto ya yanke cikin minti ɗaya, kuma idan ƙirgar ta gagara saboda sauri, an riga an samu amsa. Sannan a mayar da sautin a kau da ido, a saurara ko akwai wurin da aka yi shiru, ko kuwa kiɗa da ihu ne babu tsayawa. Bayan haka sai tambayar da na fi ba muhimmanci, wato ko za a iya ba da labarin abin da ya faru a jimla biyu, kuma ko abin ya yi kama da rayuwar da yaron ya sani, kamar wanka, zuwa kasuwa, rabon abu da ƙane, ko neman takalmin da ya ɓata. Bidiyon mutane na gaske suna aiki na gaske, masassaƙi ko mai ɗinki ko makiyayi, sau da yawa ya fi katun dacewa da wannan shekaru.

Na'urar ma tana da tasiri. Talabijin da ke jikin bango ta fi waya a hannun yaro, saboda babba yana ganin abin da ake kallo, kuma yatsan yaro ba ya iya tsallakawa daga bidiyo zuwa bidiyo. Sauke kashi biyu ko uku a ajiye a waya, sannan a kashe data kafin a miƙa, yana rage kuɗi, yana kawar da talla, kuma yana hana manhaja ta zaɓa wa yaro abin da zai biyo baya. Tarin waƙoƙin da aka jera na awa guda ba shi da wurin tsayawa, shi kuwa kashi guda mai farko da ƙarshe yana ba da damar a ce wa yaro tun kafin a fara, «Idan wannan ya ƙare za mu kashe mu je wanka.» Zai iya yin kuka duk da haka, kuma kukan minti biyu a wurin ɗan shekara biyu ba alamar wata cuta ba ce. Abin lura shi ne abin da ke biyo baya cikin kwanaki, ko yana komawa wasansa cikin sauƙi, ko yana kwaikwayon abin da ya gani da gwangwani da murafe, ko kuwa yana yawo a ɗaki ba ya iya zama da komai sai neman waya. Awa guda kafin barci kuma gara a bar allo gaba ɗaya, kowane iri ne.

Idan akwai hali, ko da minti biyar na farko ne, a zauna tare da shi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Texas Tech a 2016 a kan shirin Daniel Tiger, wanda aka gina a kan aikin Fred Rogers, ya samu cewa yaran da suka nuna ƙarin tausayi da gane halin wasu bayan kallonsa su ne waɗanda iyayensu suka saba yi musu magana a kan abin da suke kallo. Maganar ba sai ta yi tsawo ba, kuma ana iya yin ta daga bakin murhu: «Wa ya ɗauke masa ƙwallo? Ka ga yana kuka, me za a yi masa?» Yayar da ta kai shekara takwas ma tana iya wannan aiki idan aka nuna mata, kuma a yawancin gidaje ita ce dama take riƙe da rimot.